Lissafin Wake da Hannun Inna

Shekara biyar ke nan da faruwar abin da zan ba da labari, kuma ba zan rantse cewa komai ya zauna a kaina yadda ya faru ba. Littafin da na riƙa rubutu a ciki yana nan, amma gara ta ci bayansa, wasu shafukan kuma ni da hannuna na rubuta abin da ba haka yake ba, kamar yadda za a gani. Inda nake shakka zan faɗa. Na rubuta ne saboda wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki zai shigo gidansa, musamman irina da ya yi boko har ya soma ganin babu abin da takarda ba za ta warware ba.

Lokacin muna ƙarƙashin Kaduna, ba a ba mu jiha ba tukuna. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Funtuwa, shekarata biyu da gama jami'a. Mahaifiyarmu, Inna, tana ƙauyenmu a gefen Kafur tare da ƙanena Bitrus, wanda ya riƙe gona tun rasuwar Baba. Ƙanwarmu Ladi tana aure a Dandume.

A gonar auduga Inna ta faɗi, da hantsi, tana tsinka. Matan da suke tare da ita sun ce ta sunkuya ne kamar za ta ɗauki buhu, sai ta zauna, bakinta ya karkace. Bitrus ya roƙi wani direban a-kori-kura ya kai su asibiti a Malumfashi. Ni sai washegari saƙo ya same ni, ina cikin aji. Wanda ya kawo saƙon ya ce, “An ce jikin tsohuwa babu daɗi.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ni ma ban nemi ƙari ba, don na san ba a aiko mutum daga Kafur saboda ciwon kai.

Satin farko ya tafi a tsaye. Na same ta kwance, hannun hagu da ƙafar hagu kamar ba nata ba, amma tana magana, ko da yake harshen ya yi nauyi. Kowa ya zo da nasa. Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, ta ce iska ce ta buge ta a gindin tsamiyar gonar, a mayar da ita gida a nemo mai magani. Matan zumunta na ekilisiyarmu sun zo sau biyu da addu'a da kunu. Maƙwabcinmu wani Alhaji ya ba mu ɗaki a gidan ɗan'uwansa kusa da asibiti, bai karɓi komai ba, kuma har yau ban san yadda zan gode masa ba. Likitan kuwa sau uku na gan shi a satin, kowane gani bai kai a sha ruwa ba. Ya ce hawan jini ne ya daɗe ba a sani ba, jijiya ta toshe a kai. Sai ya faɗi maganar da ta zauna mini: “Wata ukun farko naku ne. Abin da ya dawo a cikinsu ya dawo. A motsa mata gaɓoɓin kullum, kada a bar su su kwanta.”

Mai motsa gaɓoɓin mutum ɗaya ce a duk asibitin, Sista Rifkatu. Ma'aikaciyar jinya ce da aka taɓa turawa kwas a kan wannan aiki, wanda mutane suke kira gashi. Kwana biyu a sati take yi a wani ɗan ɗaki mai benci a ƙofarsa, kuma ko a kwana biyun ana iya kiranta ɗakin haihuwa ta bar mutane a zaune. Ran da na fara kai Inna, mun zauna tun safe har azahar, aka zo aka ce a dawo jibi. Ba na jin Sista ta ci abinci ranar. Duk da haka na tafi ina jin haushinta.

A sati na biyu aka ce za a sallame mu, ana bukatar gadon. Zaɓi biyu ne a gabanmu: mu zauna a ɗakin da aka ba mu a Malumfashi muna bin layin Sista, ko mu koma ƙauye, ta koya mana aikin mu riƙa yi da kanmu. Bitrus ya ce ni na sani, ni ne na yi karatu. Wannan maganar ta hana ni sakewa. Tsoro nake ji in zaɓa da ka in yi kuskure, shi ya sa na koma ga abin da na iya.

A jami'a an koya mana wata dabara. Idan abu ya fi ƙarfin a lissafa shi kai tsaye, sai a ƙera ƙaraminsa a kan takarda, a jefa ƙuri'a a madadin abin da ba a sani ba, a maimaita sau da yawa a ga abin da ya fi faruwa. Da na'ura ake yi, mun ma gan ta, da katunanta masu huji. Ni wake nake da shi. Na zauna a barandar asibiti da littafi ina rubuta mutum nawa suke zuwa benci, tsawon lokacin da kowa yake ɗauka a ciki, da sau nawa ake kiran Sista. Na tambayi mai share ɗakin yadda abin yake a sauran makonni. Sannan na zana bencin a bayan kwalin sukari, na zuba wake a gwangwani: fari shi ne an ga mara lafiya ɗaya, ja shi ne an kira Sista ta tafi. In rufe ido in ɗebo, in matsar da layi, har ranar ta ƙare, in sake. Na gwada makonnin wake masu yawa a kan kwalin nan, ba na gaske ba, ina jin sun kai talatin.

Abin da ya fito bai yi daɗi ba. Idan muka zauna, Inna za ta samu hannun Sista sau ɗaya a sati, wani satin ma babu. Sai na yi na gida. Na lissafa hannu uku: ni, Bitrus, da Ladi. Bitrus yana da auduga a gona, na ba shi kaɗan. Ladi da goyo, mijinta ya ba ta sati biyu. Sauran duka na ɗora wa kaina, tunda hutun Kirsimeti ya zo. Ko da na sa jan wake na ranar kasuwa da na rashin lafiya, takarda ta ce Inna za ta samu sau biyu zuwa uku kullum.

Na kai wa Sista kwalin. Ta duba, ta dube ni.

“Malam, wannan duba ne ko caca?”

Na yi mata bayani. Ta ɗauki jan wake ɗaya ta juya shi. “Wato wannan ni ce?”

“Ke ce idan an kira ki.”

“To ƙara su. Ba su kai ba.”

Amma ta zauna, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce in sake yi mata da mataimaki ɗaya a ɗakin, ta gani. Na yi, layin ya ragu ƙwarai. Ta ce in rubuta mata shi da kyau, ta daɗe tana roƙon a ba ta mutum ana ce mata ta kawo hujja. Sannan ta tambaye ni su waye za su yi a gida, na faɗa mata, ta ce madalla. Ranar da ta koya mana, Inna ta ce ta gaji, ta rufe fuska da mayafi. Sai Sista ta nuna mini a hannun Bitrus: yadda ake tallafe gwiwar hannu, a ɗaga kafaɗa a hankali, a buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta komai. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya gajiyar da Inna a daidai wannan lokacin ba.

A nan dole in faɗi abin da duk mai karatu ya sani, ni ma na sani, amma ban sa shi a gwangwani ba. Ni ne ɗan fari. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin Kaka, ita ta riƙe ni. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, “na Kaka” take ce mini, kuma ko shi ɗin ba a gabana ba. Ba ta cin abinci ina wurin. Idan na zo gida na gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa tana duban wani wuri, sai daga baya in ga an aiko mini da kaza. Shigarmu addinin Kirista tun zamanin kakanni bai taɓa wannan ba. Na ɗauka ciwo zai taɓa shi. Ko kuma, in na faɗi gaskiya, ban ɗauki komai ba, ban tuna ba ne kawai.

Safiyar farko a gida na wanke hannu na shiga ɗakinta da littafi. Ta juya fuska bango, ta jawo zane da hannun dama ta rufe kafaɗar. Ta ce wa Ladi, “Ki ce wa na Kaka kokonsa zai huce.”

Na ce, “Inna, aikin da Sista ta ce ne. Minti kaɗan ne.”

Ta ce wa Ladi, “Ki ce masa na gode.”

Na tsaya, na fita. Da rana na sake, haka. Da na matsa a rana ta uku har na kai hannu, sai na ga hawaye yana bin gefen fuskar da ta karkace. Ban sake ba. Bitrus yana ɗaure buhu a tsakar gida, ya ce, “Yaya, waken bai gaya maka wannan ba?” Na wuce shi. Da na amsa da mun yi abin da ba mu taɓa yi ba.

Ladi ta yi iya ƙoƙarinta, amma ba ita Sista ta koya wa sosai ba, ni ne, kuma daga bakin ƙofa nake faɗa mata abin da za ta yi. Kwana goma mijinta ya aiko, ta tafi. Bitrus yana fita tun asuba, ga layin awon auduga da ake kwana biyu ba a kai kansa ba, ga dawar da ya sayar tun ba ta yi daraja ba saboda magani. Idan ya dawo ya ɗaga mata ƙafa sau biyu uku, ta ce ya isa, shi ke nan. Sai Gwaggo Talatu ta ce ita za ta karɓa, ai ba wani abu ba ne. Na yi mata bayani har sau biyu. Kullum in tambaye ta, “Gwaggo, an yi?” Ta ce, “An yi, ɗana.” In sa alama a littafi. Shafukan nan suna nan cike da alamu, gwanin kyau.

Abin da Gwaggo take yi, daga baya na sani, shi ne ta shafa mata man shanu da wani kitse da ta samo, ta lulluɓe hannun da tsumma don kada sanyi ya shiga. Da ta ɗaga kafaɗar Inna ta yi ƙara, sai ta ajiye. Ba na zarginta. Matar wanta ce, shekara talatin suna gida ɗaya, ba za ta iya jin wannan ƙarar ta ci gaba ba. Kuma ba ƙarya take ganin ta yi mini ba, a wurinta an yi. Ni ne ya kamata in lura cewa ɗakin da ake irin wannan aikin ba ya yin shiru haka.

Hutu ya ƙare na koma Funtuwa, ina zuwa ranar Asabar. A sati na takwas, ko na tara, muka mayar da ita wurin Sista. Ta kwance tsumman, ta kama hannun, ta gwada ɗaga shi. Bai wuce rabi ba. Yatsun sun naɗe cikin tafi, sai da ta sa ƙarfi kafin ta ga ciki. Ta fito da ni waje.

“Wa yake yi mata?”

Na miƙa mata littafin. Ba ta karɓa ba.

“Ban tambaye ka takarda ba. Hannun wa?”

Na faɗa mata komai. Sai ta nuna Bitrus da yake tsaye can da rawaninsa na ƙura. “Wancan ba shi ne babba ba?”

“Ni ne babba. Gona ce ta tsofar da shi.”

“Kai ne na fari? Kai, Malam! Ka zauna a nan ka ce mini kai za ka yi mata, ka san kai ne na fari?”

“Ba ki tambaya ba, Sista.”

“Ni ban tambaya ba, wakenka bai tambaya ba, kai ma da ka sha nononta ba ka tambaya ba.” Ta share fuska da bayan hannu. Ina jin haushin kanta take ji kamar yadda take jin nawa. Ta ce, “Bar wannan. Wace ce a duniya take iya zagin tsohuwar nan ta kwana lafiya?”

Bitrus ne ya amsa, ya ce sai dai Iya Abu.

Iya Abu taubashiyar Inna ce, 'yar kawunta, daga ɓangaren danginmu da suka musulunta. Daddawa take yi a wani ƙauye da bai kai tafiyar awa ɗaya a ƙasa ba. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Ban sa ta a lissafi ba saboda tsohuwa ce, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ba gidanmu take ba. Washegari Bitrus ya ɗauko ta a keke ya kawo ta Malumfashi. Sista ta nuna mata sau biyu, a jikin Inna wannan karon. Iya Abu ta ce, “Wannan ne aikin? Ai ya fi tuƙa kalwa sauƙi.”

Daga ranar gidanmu ya daina shiru. Tun daga zaure ake jin su, Iya Abu tana kiran Inna da sunanta.

“Kande, miƙo hannun nan, raguwa. Kin samu dalilin kwanciya ana ba ki koko a baki.”

“Wayyo! Za ki karya ni, muguwa!”

“In na karya ki na huta. Tun muna yara kike wa aiki ƙarya. Ɗaga!”

“Allah ya isa, Abu.”

“Ya isar miki a kan ƙafarki. Saura biyar.”

Inna tana kuka tana zagi, wani lokaci tana dariya da rabin baki. Iya Abu ta bar sana'arta wajen wata biyu, tana kwana a ɗakin, tana sallarta a gefen gado. Ranar Lahadi ita take cewa a zo a ɗauki wannan kafirar a kai ta coci ta huta da ita. Babu wanda ya isa ya faɗi haka a gidanmu sai ita. Na yi ƙoƙarin in ba ta wani abu, ta ce in ajiye, ba ni ta yi wa ba.

Ƙafar ta dawo. Kafin ruwan farko Inna tana zuwa bayan gida da sanda, daga baya har bakin rijiya. Wannan alheri ne babba, kuma ba na so ƙorafina ya rufe shi. Hannun bai dawo ba. Kafaɗar ta ɗan saki, yatsun suna nan a naɗe har yau. Ba ta iya ɗaura zane ita kaɗai, ba ta kaɗi, ba ta tuƙa tuwo. Matar da ta yi shekaru tana ciyar da gida yanzu sai ta jira a zo a ɗaura mata ɗankwali. Na tambayi likita ko da an yi aikin a makonnin nan biyar na Gwaggo da hannun ya tashi. Ya ce ba wanda zai iya faɗa, wasu ana yi musu komai ba ya tashi. Na tambayi Sista, ta ce, “Da dai bai ƙage haka ba.” Tsakanin amsoshin nan biyu nake zaune.

Takardar da na rubuta wa Sista ta tafi inda ake aika irinta. Har na bar zuwa asibitin ba a ba ta mataimaki ba, ban san ko daga baya an ba ta ba. Ba na cewa lissafin banza ne. Abin da ya faɗa game da benci gaskiya ne, kuma har yanzu ina ganin da masu tsara asibitoci suna irinsa da an rage wa mutane zaman jira. Amma shi abin da ka zuba masa yake mayar maka. Na ƙirga hannuwa, ban tambayi mai jikin wanne za ta yarda ya taɓa ta ba. Duk wanda za a sallamar masa da mara lafiya a ce a ci gaba a gida, ya fara da wannan tambayar tun kafin a bar asibiti, kuma wanda zai yi aikin shi za a koya wa, a jikin mara lafiyar, ba a jikin wani ba. Idan ana yi ba ka jin motsi, ka shiga ka gani, ko ka aika wanda zai iya shiga.

Akwai wuri ɗaya da nake roƙon a taimake ni. Da na karanta wa Ladi wannan rubutu, ta ce tun a asibiti, ranar da Sista ta koya mana, Inna ta aike ta ta gaya mini cewa ba zai yiwu da ni ba, a nemo wata. Ta ce ta same ni a baranda ina ɗibar wake ta faɗa mini, na ce mata to, ban ɗago kai ba. Ni ban tuna da wannan ba ko kaɗan. Bitrus ya ce ba ya barandar lokacin. Inna kuwa ba zan iya tambayarta ba, ita ma ba za ta amsa mini ba. Barandar a cike take ranar, akwai matan zumunta, akwai masu jinyar wasu. Duk wanda ya gani ko ya ji, ko ya ga na kauce a wani wuri dabam, ya aiko mini ta hannun Bitrus, zan gyara ko da gyaran bai yi mini daɗi ba. Idan Ladi ce take da gaskiya, sai in cire duk abin da na ce game da mantuwa, in rubuta cewa an gaya mini.